Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Bauchi: Wa Zai Riƙe Akala In Annoba Ta Dawo?

Mai Girma Gwamna, Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad, Ƙauran Bauchi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon ma'aikacin lafiya ne da ya ƙare aikinsa a ƙaramar hukuma, cikin masu bin ƙauyuka a kan babur suna cigiyar inda cuta ta ɓulla. Na ɗauki alƙalami ne a kan magana guda: yadda hukumomin gwamnati ke haɗa kai idan annoba ta sauka, da kuma dalilin da ya sa nake ganin yanzu da ake zaune lafiya ne lokacin gyara.

Ranka ya daɗe, ba kai za a ba labarin korona ba, domin a jikinka ka ji ta. Ranar 24 ga Maris, 2020 aka sanar da cewa ka kamu, kai ne mutum na farko da aka tabbatar a jihar nan, ƙasa da wata guda bayan cutar ta shigo Najeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitinta ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, mu ma aka kafa namu ƙarƙashin mataimakinka na lokacin, Sanata Baba Tela, wanda shi ma daga baya cutar ba ta bar shi ba. Mutanen nan sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma ban rubuto don in rage musu lada ba. Sai dai kwamitin da aka kafa bayan cuta ta riga ta shigo gida, fafar gora ce ranar tafiya: a cikin gudu ake sanin juna, a cikin gudu ake gardamar wanda ke da ikon ba da umarni da wanda zai sa hannu a fitar da kuɗi.

Ga abin da idona ya gani. Wani dare cikin azumin shekarar, bayan an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka buga mini waya cewa wata babbar mota ta tsaya a shingen kan iyaka, cike da almajirai da wata jiha maƙwabciya ta maido. Babu takarda, babu jerin sunaye, babu wanda aka sanar tun da rana. Jami'an tsaro suka ce su nasu tare hanya ne, ba jinya ba. Na kira wani ofishi aka ce maganar ta masu ba da agaji ce, masu agajin suka ce sai lafiya ta tantance, mu kuma ma'aunin zafin jiki ɗaya gare mu, batirinsa ya mutu. Yaran suka kwana a ajin firamare a kan siminti, wasu na tari, wasu na kukan yunwa. Matar mai unguwa ce ta dama musu kunu da asuba daga rumbun mijinta. Da gari ya waye uku sun tsallake taga sun shige daji. A duk waɗanda na kira a daren nan babu mugu ko ɗaya, kowa dai ya yi imani da gaske cewa aikin na wani ne.

Haka samfur, wato abin da ake ɗauka a jikin mutum don gwaji. Na taɓa riƙe na wani dattijo a cikin kula, ƙanƙara na narkewa, kwana biyu ana jiran wanda zai amince a ba da kuɗin man mota, domin a farkon lamarin sai an fita da samfur wajen jiha kafin a gwada. Sakamako ya iso ana sadakar uku, bayan dangi da maƙwabta sun gama cuɗanya a wurin zaman makoki.

Sannan ga abin da ya faru a Azare a watan Mayu, lokacin da mace-mace suka yawaita har ka rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giyaɗe da Zaki na kwana 10. Waɗanda suka fara lura ba likitoci ba ne, masu haƙa kabari ne da limaman jana'iza da masu wankan gawa, domin mafi yawan mutanenmu a gida suke cikawa, a kai su makwanci kafin la'asar. Da a ce kowace babbar maƙabarta na da littafi, kuma akwai jami'i guda da ake kai wa lissafin kowane mako, da an ga hayaƙi tun kafin wuta ta tashi, kuma da jita-jita ba ta riga gwamnati isa kunnen jama'a ba.

Wani zai ce korona ta wuce, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kanta tun watan Mayun 2023. Amma mu a nan annoba ba baƙuwa ba ce. A 2019 zazzaɓin shawara ya ɓulla a Alkaleri ta wajen Yankari. A 2021 amai da gudawa ya yi mana ɓarnar da ta sa jiharmu ta shiga sahun gaba a ƙasa wajen yawan masu kamuwa. A 2023 mashaƙo ya kama yara. Zazzaɓin Lassa kuwa kowane rani sai sunanmu ya fito tare da Ondo da Edo a rahoton NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa. Duba kowace ɗaya, ranka ya daɗe, za ka ga ba ta tsaya a ƙofar Ma'aikatar Lafiya kaɗai ba: kwalara maganar rijiya ce da magudanar ruwa, Lassa maganar ɓera ce da yadda ake shanya hatsi a bakin titi, mashaƙo maganar makaranta ce da tsangaya. Ma'aikatun da ke da hannu a ciki sun kai biyar ko shida, ga hukumar ba da agajin gaggawa, ga ƙananan hukumomi 20, ga Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke amsa wa Abuja ba gidan gwamnati ba.

Roƙona shi ne ka aika wa Majalisar Dokoki da ƙudurin da zai ɗaure wannan aiki da doka, ya fayyace ƙarara wanda ke riƙe da akala daga sa'ar da aka ayyana annoba, da waɗanda dole su amsa kiransa, da kuma wanda zai maye gurbinsa idan shi ma ya kwanta, tunda mun ga shekarar da gwamna da mataimakinsa duka suka kamu. A haɗa da asusu na musamman da za a iya taɓawa cikin kwana guda ba tare da fayil ya yi yawo ba, wanda za a riƙa bayyana wa jama'a lissafinsa. Kuɗin mai da katin waya na jami'in sa ido a ƙauye ba su kai kuɗin taron kwana ɗaya a otal ba, amma su ne ke raba tsakanin mutum biyar da mutum ɗari biyar.

Ba sabon gini nake nema ba. Yaƙin shan-inna ya bar mana tsari da ya sauka tun daga sarki zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa, har zuwa matan da ke shiga gida-gida, kuma mutane sun saba da fuskokinsu. A 2020 sanarwa kan fito daga bakuna da yawa, yau a ce an rufe kasuwa gobe a ji wata magana a rediyo, har talaka ya yanke hukuncin cewa cutar ta masu hawa jirgi ce. Malamai da fastoci a zauna da su tun kafin a yanke shawarar da ta shafi Juma'a ko Lahadi, ba a kira su bayan an gama a ce su sanar ba. Kuma duk ranar da za a ce wa ɗan dako a kasuwar Muda Lawal ko mai tebur a kasuwar Wunti ya zauna a gida, to a riga an san buhu nawa ne a rumbun gwamnati da hannun da zai raba shi.

Jihohi bakwai muke iyaka da su: Kano, Jigawa, Yobe, Gombe, Taraba, Filato da Kaduna. Ka nemi takwarorinka a rubuta yarjejeniya cewa babu jihar da za ta sake loda yara a mota ta tura wa maƙwabciyarta ba tare da gwaji da sanarwa ba. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne, ya san wannan aiki tun zamanin shan-inna, ƙofarsa ba za ta yi maka nauyin bugawa ba.

Wa'adinka zai cika a 2027. Kafin ranin bana ya kankama Lassa ta motsa, ina roƙon ka ware yini ɗaya a yi atisaye ba tare da an sanar da kowa ba: a buga waya da tsakar dare daga wani ƙauye a Ningi ko Bogoro a ce mutum goma na zubar da jini, sannan ka sa a riƙe agogo a ga awa nawa za a yi kafin mota ta isa, da kuma mutum nawa za su ce ba aikinsu ba ne.

Allah ya ƙara wa Ƙaura lafiya.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lafiya,
Bauchi.