Zuwa ga Auta, kan maganar shiga sista

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin Jos? Mu nan Kakuri lafiya lau, sai hazo da ya rufe gari. Babanki yana gaishe ki, ƙafar tasa ta yi sauƙi.

Tun daren da kika faɗa mini maganar nan a kicin, kina yanka albasa kin ƙi ɗago kai, ban ce miki komai ba. Na san kin koma da zaton fushi na yi. Bakina ne kawai ya yi nauyi. Ke ce auta, ke nake sa ran in goya wa 'ya'ya kafin bayana ya gaza, har zannuwan da zan sa miki a akwati na fara tarawa. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Na kai maganar gaban Ubangiji sati uku, yau na ga zan iya riƙe biro.

Ban hana ki ba. Amma ina so ki san abin da kike nema, domin ke farin mayafi kika sani da waƙar Misa, ni kuwa a hannun sistoci na koyi ungozoma, na ga bayan labule.

Kin tashi kina wucewa ta ƙofar Kwalejin Sarauniya Amina kullum. Sunanta na fari Queen of Apostles, sistocin ƙungiyar Our Lady of Apostles (OLA) ne suka buɗe ta a 1940, a zamanin da uba zai yi maka dariya in ka ce ya kai 'ya mace sakandare. Sai a 1972 gwamnati ta karɓi makarantun mishan aka sauya suna. 'Yan mata Kirista da Musulmi duk sun yi karatu a wurin, marigayiya Maryam Babangida ma can ta yi. Asibitin St. Gerard kuwa, inda na haife ki, a 1957 aka buɗe shi, shekarar da masaƙar KTL ta fara aiki, wadda kakanki ya ƙare ƙarfinsa a cikinta. Ma'aikatan masaƙa suka cika Kakuri da matansu, ga ciki ga goyo, kuma hannun sistoci ne ya karɓi haihuwar da yawansu. Ƙungiyar tasu wani Fada ne mai suna Augustin Planque ya kafa ta a birnin Liyon na Faransa a 1876, bayan shekara biyu suka sauka Legas. Na farkon nan da yawansu zazzaɓi ya kashe su suna 'yan mata, sa'o'inki, wasu ma ba su kai ki ba. Na bayansu sun ji labarin, suka hau jirgin ruwa duk da haka. Gidan da kike son shiga ke nan.

Bari in ba ki labarin dare ɗaya. Ina shekarar ƙarshe ta horo, wajen ƙarfe biyu, aka kawo wata yarinya Bafulatana daga ruga a bayan a-kori-kura, kwana biyu tana naƙuda. NEPA ta ɗauke wuta, ni ce mai riƙe fitilar ƙwai. Yarinyar ta ɓaci da jini da ƙasa, ƙafafunta sun kumbura, ta daina ko nishi. Sistar da ke kanmu 'yar Ailan ce, ta haura sittin. Ba ta ce wa kowa ya kawo ruwa ba, da kanta ta ɗauko baho, ta durƙusa, ta wanke yarinyar tas, tana ce mata "sannu, sannu 'yata" da Hausarta mai karkata. Ta kafa ƙahon nan na sauraro a cikin, ta rufe ido tana ƙirga bugun zuciyar ɗan da agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Sai ta ce in matso da fitila, hannuna yana rawa, ta kama wuyan hannun nawa ta tsayar da shi inda take so, ba ta ko dube ni ba. Gab da asuba aka samu ɗa namiji, da rai. Mijin ya kunce bakin zani ya fito da 'yan kuɗin da ba su kai ko na allura ba, ta karɓi rabi ta mayar masa da rabi, ta ce ya saya wa mai jego nama. Ƙarfe shida na gan ta a ɗakin sujada a durƙushe, ƙarfe takwas tana zagayen marasa lafiya tana faɗa a kan zanin gadon da ba a ja shi daidai ba.

Wannan shi ne aikin, Auta. Kashi da fitsari da jini, da lissafin magani, da faɗa da mai kawo dizal. A makaranta kuma alli da jan biro da 'yar da ta yi fitsarin kwance a ɗakin kwana tana jin kunyar faɗa. Addu'ar tana nan, ita ce ma ke riƙe da su, amma a tsakanin waɗannan take.

Kin ma san akwai lokacin da Ikkilisiya ba ta yarda sista ta karɓi haihuwa ko ta yi tiyata ba? Sai a 1936 Roma ta buɗe wannan ƙofa. Shekara ɗaya bayan haka Uwa Mary Martin ta ɗauki alkawarinta tana kwance a gadon asibiti a Fatakwal, ciwo ya kusa kai ta, daga nan ƙungiyar sistoci masu aikin jinya ta Medical Missionaries of Mary (MMM) ta fara. Cikinsu ne aka samu Sista Dakta Ann Ward da ta shafe shekaru a Itam kusa da Uyo tana ɗinke matan da suka samu yoyon fitsari, waɗanda mazansu suka kora. Su kuma sistocin St. Louis a 1948 suka iso Kano, kin san asibitinsu na Zonkwa. Ke da takardarki ta nas a hannu, hanyar da wasu suka sha wuya suka share za ki bi.

Yanzu alkawuran nan uku. Mutane rashin aure suke gani, shi ne gwaggonki za ta riƙe ta yi ta magana, ki bar ni da ita. Talauci kuma ba na jin zai dame ki, tun kina ƙarama ba ki da kwaɗayi, ko da yake ki sani albashinki ba zai zama naki ba, ko kuɗin mota sai kin tambaya. Wanda nake ji miki tsoro shi ne biyayya. Na san 'yata. Ke ce kika ƙi cin abinci kwana biyu don an canza miki ɗaki. Sistar nan da na ba ki labari, bayan shekarun da ta yi tana gina ɗakin haihuwar nan, takarda ɗaya aka aiko mata daga shugabarsu. Cikin sati guda ta tafi. Ni na ɗaukar mata kaya zuwa mota: akwatin ƙarfe ɗaya, ko nauyi babu. Na ga idonta ya yi ja, amma ba ta ce uffan ba. Za a iya tura ki inda ba ki so, ƙarƙashin wadda ba ta kai ki sani ba. Sistoci kuma mutane ne. A wani wurin da na yi aiki daga baya na zauna da wata mai zafin rai da son kai, ta sa ni kuka ba sau ɗaya ba. Ni in na tashi aiki gida nake komawa. Ke da irinta za ki ci abinci, da ita za ki yi addu'ar dare. Ki tambayi zuciyarki wannan da kyau.

Sai tambayar da ta fi yi mini nauyi. Yaron nan da maganarku ta lalace bara, ba shi ne ya kora ki ba? In ciwon zuciya ne, ki bari ya warke tukuna, domin gidan sistoci ba ya ɓoye mutum daga kansa. In kuwa kiran ya riga shi zuwa, kamar yadda nake zato tun da na ga yadda kike zama wajen tsofaffin Zumuntar Mata marasa lafiya, to ki faɗa mini haka da bakinki, zan gaskata ki.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne Ikkilisiya ba ta gaggawa. Za ki fara zama da su su dube ki ki dube su, sannan horo na shekara ɗaya zuwa biyu, sannan alkawarin ɗan lokaci na aƙalla shekara uku kafin na har abada. In a tsakanin nan kika ga ba hanyarki ba ce, ki ɗauko jakarki ki dawo. Ɗakinki yana nan. Duk wanda ya buɗe baki ya ce kin ji kunya, ni zai tarar a ƙofa.

In kuma kin zauna, roƙona ɗaya ne. Kina jaririya aka yi rikicin 2000, kin girma kin tarar kogin Kaduna ya raba gari biyu, maƙwabtan da muka yi shekaru muna musayar tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti sun ƙaura tsallake. Ban taɓa jin sistar da ta koya mini aiki ta tambayi mai naƙuda addininta ba. A 2010 ma wata sistar OLA, Kathleen McGarvey, ita ta tara shugabannin mata Musulmi da Kirista na garin nan suka kafa majalisa guda. Ki riƙe wannan. Hajiya ta tsohon layinmu, wadda ta yi mini wankan jegonki, har yanzu tana tambayarki. Kafin ki shiga ko'ina sai mun je Tudun Wada kin gaishe ta, ki faɗa mata da kanki.

Ban gaya wa babanki ba tukuna. Ki zo hutun Ista mu zauna mu uku, ni zan fara buɗe maganar bayan ya ci abinci. Ki taho da takardun makarantarki da katin baftisma, za su nema. Na ba direban da ya saba kawo miki saƙo dambun nama da yaji, ki kira shi ranar Asabar. Ki riƙa sa rigar sanyi in za ki aikin dare.

Ubangiji ya tsare ki.

Mamanki