Godiya ga garejin da ke kula da motocinmu na dizal

Assalamu alaikum, Maigida, tare da yaranka baki ɗaya.

Mu masu Hilux da Land Cruiser da ke kawo muku gyara ne muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, domin ba kwa kwance inji sai kun gama duba ƙananan abubuwa.

In mota ta zo tana jijjiga ko ta rasa ƙarfi, filtar mai kuke fara taɓawa. Ku kwance ɗan matoshin da ke ƙasanta, ruwan da ya kwanta ya zube, sannan ku danna famfon hannu na samanta har ya yi tauri, iska ta fita. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, musamman ga injin 2KD na Hilux, wanda ɗan ruwa ko datti a dizal ke iya lalata masa nozul masu tsada, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji. Tsohon 1HZ na Land Cruiser, mai silinda 6 da girman inji lita 4.2, ya fi haƙuri, amma shi ma ba ku yarda bel ɗin taimin ɗinsa, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul, ya wuce kilomita 100,000, don in ya tsinke fistin zai daki bawul.

Hayaƙi ma kuna karanta shi. Baƙi, ku fara da filtar iska, ku hura ta daga ciki zuwa waje, balle lokacin ƙurar hunturu. Shuɗi, inji na cin baƙin mai. Fari da sanyin safiya, ku gwada hita, wato filogin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tada inji.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda kuke jan kunnen direbobi. Kada a bar mota a 4H, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, kan busasshiyar kwalta, domin tayoyin gaba da na baya ba za su sami damar bambanta juyi a kwana ba, sai farfela, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyi, da giya su ɗaure. Amma duk wata a sa 4H ɗin a yi 'yan kilomitoci kan turɓaya, mai ya zagaya kayan gaba. Motar da ta ratsa rafi da damina kuwa, kuna buɗe man aksil. In ya koma kalar madara ruwa ya shiga, ku juye shi, ku sa giris a farfela.

Baƙin mai 15W-40 kuke zubawa duk kilomita 5,000, kuma tsohon kayan da kuka cire kuna miƙa wa mai mota ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara wa sana'a albarka, ya tsare hannuwanku.

Naku,
Masu motocin dizal da ke hulɗa da ku