Ɗanka ya shiga badujalar makaranta

Assalamu alaikum aminina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, tun watan Agusta bana zama, kuma ɗanka babban ne sanadi, kullum ina hanyar kai shi atisaye da ɗauko shi.

Na san zaka ce badujala kuma? Wallahi nima haka na ce ranar da ya fara kawo min takardar in sa hannu yana aji 6, sai da na kwana uku ban taɓa ta ba, ka san yadda muka taso, yaro ya ce zai yi busa ko kiɗa sai a ce zai zama maroƙi. Ni abinda na sani kawai irin badujalar ƴan sanda da muke bi a guje ranar faretin 27 ga Mayu. Amma anan Teksas darasi ne cikin darussa, da malaminsa da makinsa kamar lissafi, ana koya musu karanta kiɗa a rubuce.

A aji 6 kowa a rukunin ƴan koyo yake farawa, ka zaɓi abin busarka, manya irinsu tuba makaranta ke bada aro, ƙananan kuwa iyaye ne ke haya. Shi obo ya ɗauka, da na ji ƙararta sai da tsigar jikina ta tashi, algaita ce sak mutumina, bakin nan nata siriri na kara, sai dai muryarta ta fi laushi, na tuna hawan sallah muna yara. Daga nan sai rukunin masu zama a kujera suna busa a ɗakin taro, shima hawa hawa ne, na ƙololuwa sai an gwada ka kafin a ɗauke ka, har kujerar da zaka zauna gasa ake a kanta. Akwai na jaz, akwai masu goge irin na Turawa su nasu daban.

Wanda ya cinye mana lokaci shine na maci, sai aji 9 ake shiga. Tun kafin a koma makaranta suke fara atisaye a filin ajiye motoci cikin zafin Agusta, kowa da ƙaton gorar ruwansa, suna koyon taku da busa lokaci guda, ga masu ganguna ga ƴan mata masu wasa da tutoci. Duk daren Juma'a suna filin ƙwallon Amurka, in an tafi hutun rabin lokaci filin nasu ne. Obo ba a maci da ita, dole ya koma saksofon na watannin nan. Hukumar UIL mai shirya gasar makarantu ta ƙayyade atisayen bayan tashi kada ya wuce awa 8 a sati, kuma waɗanda suka kai ƙarshe a birnin San Antoniyo ake karawa cikin Nuwamba.

Abinda ya kwantar min da hankali wata doka ce da suka kafa tun 1984, yadda take a yanzu duk yaron da ya samu ƙasa da maki 70 a darasi ko ɗaya ne, an dakatar da shi daga gasa na sati 3. Yaron da sai na yi ta faɗa kafin ya buɗe littafi, yanzu shi ke roƙon mamansa ta tashe shi karatu bayan asuba, don kada a bar gurbinsa a layi babu kowa.

Damuwata ɗaya magariba, wasan Juma'a yakan ci lokacinta. Na je da kaina na samu malaminsu, ya ce ba komai, yanzu darduma na cikin jakarsa kusa da akwatin saksofon.

Dan Allah in ka ga masu algaitar fada ka ɗauko min bidiyo ta WhatsApp, yana son ya ga yadda suke cika kumatu su yi ta busa ba yankewa, ya ce zai nuna wa malamin. A gaida su Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka daga Teksas