Ba ruwan sama ne ya sare kurmin ƙauye ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Laraba har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Rabin awa baƙonku yana ɗora wa sauyin yanayi laifin ɓacewar kurmin ƙauye, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake yi. Ko sau ɗaya ba a ambaci gatari ba.

Shekara goma sha takwas na yi ina aikin safiyo ƙauye-ƙauye, da ƙafata na taka wuraren nan. Inda duk na tarar da kurmi a tsaye, to ko dai a gangaren dutse yake inda garma ba ta shiga, ko a bakin maɓuɓɓugar da gari ke sha, ko kuma hanyar mota ba ta iso ba tukuna. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai albarka kuwa sai kututture. Akwai wanda na auna a farkon aikina, in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi a jikinka, ganye ya rufe sama, ƙasa da danshi ko a tsakiyar rani. Da na koma bayan an shimfiɗa kwalta ta gefensa, buhunan gawayi na tarar a jere a bakin titi. Tsohon da ke hana shiga ya rasu, magada sun raba wurin. Kurmin da ke bayan tudu, tafiyar awa ɗaya daga nan, yana nan lafiya lau. Damina ɗaya suke sha fa!

Ku dubi arewacin Habasha. An nome ko'ina, amma kewayen tsofaffin majami'u daji ne kore shar, har katangar dutse ake yi masa don kada shanu su cinye ƙananan itatuwa. Dazuzzukan Kaya, masu alfarma a wurin ƙabilun Mijikenda a gaɓar tekun Kenya, da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2008, dattawa ne suka riƙe su da doka. Ban ce fari ba ya kashe bishiya ba, yana kashewa. Amma in kuka ce wa manomi duk laifin na sama ne, me zai hana shi wasa gatarinsa gobe?

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin magana. Sai na manna rediyo a kunne kafin na ji lambar kiran waya, ina gama rubuta ta kuka rufe shirin.

Naku,
Mai sauraronku na kullum