Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekara: Oktoba 2024 zuwa Satumba 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamanmu, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata, 'yan uwa mambobi na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende, da waɗanda sana'a ta kai wasu unguwanni suke karanta wannan a waya, Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya a Ikko.

A babban taron bara kun ɗora wa ofishin sakatare wani aiki da bai taɓa yi ba: a riƙa bibiyar ƙudurorin doka da ke gaban Majalisar Dokokin Jihar Legas tun suna takarda. Dalilinku kuwa sananne ne. Mu dai ba mu taɓa jin labarin wata doka ba sai ranar da motar kame ta tsaya a bakin kasuwa. Haka aka yi a 2012 lokacin Gwamna Fashola, da aka hana okada bin hanyoyi 475. Haka aka yi a watan Satumbar 2021 da dokar hana kiwo a sake, wadda ta shafi 'yan uwanmu fataken shanu da mahautan kwatar Oko-Oba. Kowane lokaci sai bayan gwamna ya sa hannu muke taruwa a masallaci muna ta da jijiyar wuya, alhali a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Rahoton bana kusan duk a kan wannan aiki yake. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto nasa.

Abin da muka fara yi shi ne koyon yadda gidan yake aiki, don da yawanmu mun shekara ashirin a garin nan ba mu taɓa taka harabar majalisar da ke Alausa, Ikeja ba. 'Yan majalisa 40 ne. Ƙuduri yakan yi karatu na ɗaya, sannan na biyu inda ake muhawara a kansa, sai a miƙa wa kwamiti. Kwamitin ne ke kiran zaman jin ra'ayin jama'a, kuma nan ce babbar ƙofar da talaka zai shiga ya yi magana ko ya miƙa takarda. Daga nan sai karatu na uku, sai teburin gwamna, wanda tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Mun kuma tarar cewa ranar Alhamis da Yarbanci majalisar ke zama. Wannan ya sa muka ɗauko samari biyu haifaffun Agege, masu Yarbanci kamar ruwa, muka sa su cikin kwamitinmu na wannan aiki. Ni kaina da nake rubutun nan Yarbancina na ciniki ne, bai kai na sauraron muhawara ba.

Zaɓe da ƙananan hukumomi

Nan muka fi shan aiki. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Tsarin mulki ya san ƙananan hukumomi 20 ne kawai a Legas. Sauran 37 ɗin, waɗanda ake kira LCDA, an ƙirƙire su ne a 2003 zamanin da Tinubu yake gwamna, kuma har yau ba su shiga jerin 774 na ƙasa ba. Sai ga shi a watan Oktoban 2024 ƙuduri ya bayyana a majalisa wanda zai mayar da su majalisun gudanarwa, gwamna ya riƙa naɗa masu riƙe da su a maimakon a zaɓe su.

Wasu mambobi sun ce mana wannan rigimar masu gari ce, ina ruwan baƙo. Ba mu yarda ba. Kasuwar Mile 12 tana ƙarƙashin Ikosi-Isheri ne, wadda LCDA ce. Orile-Agege ma LCDA ce. Wanda ke yanka maka rasit na rumfa, wanda ke aiko da motar kwashe shara ko ya hana, wanda ke gyara magudanar ruwan da ke bayan shagonka, a can yake zaune. In da ƙuri'a ya hau, kana da abin riƙe shi da shi. In naɗi ne, ba ka da komai. Da wannan hujja muka rubuta takardarmu shafi biyu. Mun kwana uku a kanta a ofishin ƙungiya, wuta na ɗaukewa muna haska fitilar waya, Alhaji mataimakin shugaba yana ta cewa a cire kalaman zafi, samari suna cewa a bar su. An cire. Ba zan ce muryarmu ce ta sauya komai ba, don manyan 'yan siyasar jihar da dama sun ƙi ƙudurin a yadda ya zo. Amma sunan ƙungiyar nan ya shiga cikin takardun da aka karɓa, karo na farko tun kafuwarta. A ƙarshe, ranar 12 ga Yulin 2025, hukumar zaɓen jiha LASIEC ta gudanar da zaɓe a dukan 57 ɗin.

Tsakanin nan akwai watannin da aiki ya tsaya mana cik. Ranar 13 ga Janairun 2025 aka tsige Kakakin Majalisa Mudashiru Obasa, ɗan majalisar Agege, aka ɗora Mojisola Meranda, sai 3 ga Maris ya koma kujerarsa. Ƙungiya ba ta ɗauki ɓangare ba, kuma mun roƙi mambobi kada a ga kowa da sunanmu a zanga-zangar kowa. Alhamdu lillahi an ji.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne fitowarmu ranar zaɓe. Na zagaya rumfunan zaɓe na unguwarmu da safe, na ga tsofaffi sun fi samari. Da muka bi ba'asi, sai muka ga yawancin samarinmu katinsu na Kano ne, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Jigawa. Mutum yana kwana a Legas, yana biyan haraji a Legas, amma ƙuri'arsa tana ƙauye. Tunda INEC ta buɗe sabon rajista a watan Agusta, mun ajiye yaro da kwamfuta a ofis duk Asabar bayan la'asar yana taya mutane neman sauya wurin zaɓe. Kyauta ne, kada kowa ya ba da ko sisi.

Hanya

Dokar da ke ci a yanzu ita ce ta gyaran harkar sufuri ta 2018. A ƙarƙashinta aka hana okada gaba ɗaya daga 1 ga Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, sannan daga 1 ga Satumbar 2022 aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi, kuma fasinja ma yana iya gurfana gaban kotu tare da mai babur.

Bana an kawo mana wani yaro da bai kai wata biyu da saukowa daga motar tumatir ba. Bashi aka ba shi babur yana biya duk mako. Ya ɗauki fasinja daga inda aka halatta, ya tsallaka inda aka hana, bai ma san ya tsallaka ba. Ya shigo ofis riƙe da hular kwano da makulli, abin da ya rage masa ke nan, ya zauna a tabarma ya kasa magana. Mun shiga tsakaninsa da mai babur aka sassauta masa biyan, wani ɗan uwa mai sayar da albasa ya ɗauke shi aiki. Babur kam ya tafi.

Matsayinmu a kan wannan ba ya da ninki. Ba ma goyon bayan mai bin hannun da ba nasa ba, ko mai haurawa kan titin da aka keɓe wa manyan motocin bas na BRT, ko mai tsallaka babban titi a guje alhali gadar ƙafa na kansa. Mun yi jana'izar irin waɗannan, mun san abin da muke faɗa. Abin da muke nema a duk gyaran da za a yi wa dokar shi ne a kafa alluna masu hoto a iyakokin wuraren da aka hana, a ba da rasit a kan duk abin da aka kama, kuma a samar da tafinta a kotun tafi-da-gidanka. Mun rubuta wannan mun ajiye, yana jiran ranar da za a kira zama. Kafin nan mun yi bayanin unguwannin da aka hana da Hausa, mun naɗe shi a murya, ana ta tura shi ta WhatsApp, don yawancin masu buƙatarsa ba sa karatun boko.

Lafiya

Inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, ta samo asali ne daga dokar 2015, hukumar LASHMA ke tafiyar da ita, kuma a watan Yulin 2024 Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a umarnin da ya mayar da ita wajibi ga mazauna jihar. Wasu dattawanmu sun yi ɗari-ɗari, suna tambayar hukuncinta a addini. Mun kai maganar gaban malamai, an yi zama biyu, kuma reshen mata ne ya fi kowa ƙoƙari wajen shigar da iyalai. Su suka san zafin a kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare a ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. Hakan ya faru da matar wani mambanmu cikin damina, sai da aka bi shaguna ana karo-karo.

Bayan kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, mun tara 'yan ga-ruwa da masu shayi da masu abinci kafin saukar ruwan bana, aka nuna musu wanke jarka da haɗa ruwan gishiri da sukari. Sai kuma hana robar tekawe ta soso da aka yi a Janairun 2024, da hana kofunan roba da ledoji marasa kauri daga 1 ga Yulin 2025. Wannan ya zo mana a makare, masu kaya da yawa sun riga sun sari na Sallah. Laifin kwamitinmu ne, don hankalinmu yana kan majalisa muka manta ma'aikatu ma suna fitar da ƙa'idoji.

Makarantu

A nan ba mu yi abin a zo a gani ba, gara in faɗa da bakina. Mun tuna wa iyaye abu uku. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 17 ga Yunin 2022 ya tabbatar wa 'ya'yanmu mata sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, don haka wannan uzurin ya kau. Dokar 2018 kuma ta sa koyar da Yarbanci dole a firamare da sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu. Wasu suna ƙorafi a kan ta ƙarshen. Ni ina ganin riba ce gare mu, ganin yadda samarin nan biyu suka zame mana kunne a Alausa.

Babbar damuwar ita ce Islamiyoyinmu da suka haɗa da boko amma ba su da rajista da gwamnatin jiha. Duk ranar da aka tsaurara sharuɗɗan makarantu masu zaman kansu, su za a fara rufewa. Mun yi alkawarin zagaya su mu san yawansu da abin da kowace ta rasa, ba mu gama ko rabi ba. Mun mayar da aikin watan Nuwamba.

Kwamitin yana roƙon taro ya amince da abu biyu: a ware wani kaso na kuɗin wata don motar masu zuwa Alausa da buga takardu, kuma a nemo mana lauya daga cikin 'ya'yanmu da zai riƙa duba ƙuduri kafin mu ce uffan a kansa. Muna kuma buƙatar mace ɗaya aƙalla a kwamitin daga reshen mata. Wanda ke da gyara a wannan rahoto ya kawo shi ofis kafin Juma'ar da za a yi babban taro.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa