Wasiƙar godiya ga ofishin kare hatsari na masana'antarmu

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan Ofishin Kiyaye Lafiya da Kare Hatsari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu wakilan ma'aikatan ɓangaren injuna, da na walda, da na rumbun ajiya, mun ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a, kada ta tsaya a cikin ofis. Yabon gwani ya zama dole. Sannan akwai wuraren aiki da yawa da har yau taron kare hatsari a wurinsu wani nauyi ne da ake jira a sauke, kuma za su ƙaru idan suka ji yadda kuka tsara naku.

Duk wanda ya yi aikin masana'anta ya san taron da aka saba. A tara mutum hamsin a ɗaki bayan an tashi daga aiki, jiki ya riga ya mutu, mutum ɗaya ya tsaya a gaba yana karanto dokoki har sa'a guda, takardar sa hannu tana zagayawa. Takardar ce ake bukata, domin a nuna wa masu bincike cewa an yi taro. Ma'aikaci kuwa ya fita kamar yadda ya shiga.

Ku abin da kuka fara taɓawa shi ne lokaci da wuri. Minti goma, a farkon aiki, a tsaye kusa da injin da za a yi magana a kansa, mutane ba su wuce goma sha biyu ba, batu kuma guda ɗaya tak. Idan ranar tsani ce, to tsani ne kawai, ba za a haɗa da gobara ba. Masu aikin dare su ma ana yi musu nasu da daren, ba a ce su dawo da rana ido a kumbure. Babban taro sau ɗaya ne a wata, kuma ba ya kai sa'a guda.

Amma abin da ya sa mutane suka daina laɓewa a baya shi ne kun cire takarda daga hannun mai magana, kun sa kayan aiki a hannun mai sauraro. A ranar gobara ana fita fili, a kunna wuta a faranti na ƙarfe, kowa ya ɗauki tukunyar kashe gobara da kansa: ya zare fil ɗin, ya saita bakin tiyon a gindin wutar, ya matsa mariƙin, ya rinƙa kai bakin dama da hagu, yana tsaye kamar mita 2 daga wutar, iska tana bayansa. A nan ake ganin kuskuren da bayani ba ya kamawa. Wani zai yi ta matsa mariƙi bai zare fil ba. Wani zai fesa a kan harshen wutar, maganin ya wuce ta sama, gindin yana nan yana ci. Kusan kowa yakan yi mamakin saurin ƙarewar ƙaramar tukunya, domin ba ta kai rabin minti tana fesawa, kuma wanda ya ga ta ƙare a hannunsa ba sai an sake gaya masa dalilin da ya sa ake cewa ƙofar fita ta kasance a bayanka ba. Kuna jera tukwane iri uku a ce mutum ya zaɓi wadda ta dace da wutar lantarki ko ta mai, a nuna masa cewa mai ruwa ba ta shiga nan, a kuma hana shi riƙe bakin mai iskar kabon da hannu, saboda sanyinsa yana ƙona fata. Ita wannan ɗin ma ba ta da agogon da za a duba allura, sai an ɗora ta a sikeli ake sanin ko ta zube. Mutane da yawa sun shekara suna wuce ta a bango ba su san haka ba.

Darasin kulle inji ya fi kowanne shiga jiki. Makaniki zai kashe wutar injin matse kaya, ya sa kwaɗonsa a makunni, ya rataya katinsa, sannan ya juyo ya tambaya: "Yanzu za a iya sa hannu?" Galibi sai a ce e. Sai ya tura kwalin da ba komai a ciki tsakanin haƙoran injin da sanda, kowa ya ja baya, ya taɓa bawul. Injin ya rufe, kwalin ya baje, alhali babu wuta, domin iskar da ke matse a tanki da bututu ba ta je ko'ina ba. Daga nan sai a bi matakan da kowa ya riga ya ga amfaninsu: a kashe, a raba injin da wutar tun daga tushe, kowane mai aiki ya sa kwaɗonsa ya riƙe makullinsa a aljihu, a sake iskar har allura ta sauka sifiri, a tokare duk abin da nauyinsa zai iya sauko da shi, a danna maɓallin kunnawa a tabbatar bai motsa ba, kafin hannu ya shiga. Idan mutum huɗu ne a kan injin, kwaɗo huɗu ne, ba a cewa wane ya riga ya kulle mana.

Haka kuka yi da motar ɗaga kaya. A kashe ta, a cire makulli, a ɗora kaya a gabanta, a zaunar da wanda bai taɓa tuƙa ta ba a kujerar direba, abokan aikinsa su tsaya kewaye da ita, a ce ya ƙirga mutum nawa yake gani. Ana yin dariya idan ya ce uku alhali mutum bakwai ne, amma daga ranar ba ya sake gittawa ta bayanta sai ya haɗa ido da direba. Na tsani gasa ce: ƙungiya biyu, kowacce ta jingina nata, a zo da tef a auna. A kowace mita 4 ta tsayi, gindin ya fito mita 1 daga bango, kan kuma ya zarce inda za a taka da kamar mita 1. Idan babu tef, mutum ya sa yatsun ƙafarsa a gindin tsanin ya miƙe hannuwansa, tafinsa ya sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarsa. Na wurin wanke ido kuwa, mutum ne zai rufe idonsa, abokinsa ya riƙe shi ya kai shi famfon, ana duba agogo. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a isa cikin daƙiƙa 10, a kuma wanke na minti 15. Duk buhu ko ganga da aka yi tuntuɓe da su a hanya, a ranar ake kwashe su.

Ƙara ita ce ta fi wuyar koyarwa, domin kunne ba ya jini, a hankali yake tafiya kuma ba ya dawowa. Kun kawo na'urar auna sauti kun ba ma'aikata su yi ta zagayawa da ita suna canken lamba kafin su duba. Iyakar da masana suka ba da shawara ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 sa'a 4, 91 sa'a 2, har a kai 100 inda minti 15 ne kacal. Sannan a gwada sa abin toshe kunne na soso, wanda yawancin mutane suke ɗosana shi a bakin kunne kawai. A murza shi ya yi siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin.

Wasan neman aibi shi ne wanda ake rububinsa. Kuna shirya wani lungu da gangan, ku ɓoye abubuwa takwas: wayar da ta kwaile, kwalbar sinadari ba suna, mai a ƙasa, safar hannu ajiye kusa da injin huda ƙarfe mai juyawa (inda safar kanta ce hatsarin, don ita ke kama ta ja hannu), da sauransu. Ƙungiyoyi su shiga, minti biyar kowacce. Hikimar tana wajen ba da maki. Wanda ya gano man ya ce a sa takalmin da ba ya santsi, maki ɗaya. Wanda ya ce a kafa alamar gargaɗi a goge, biyu. Wanda ya bi sawun man ya gano tiyon da ke yoyo ya ce a canza shi, biyar. Da wannan kuka koyar da jerin matakan da masana suke bi, wato a kawar da hatsarin, in bai yiwu ba a musanya abin da wanda ya fi sauƙin illa, ko a killace shi da shinge, ko a sauya tsarin aikin, kayan kariya na jiki su zo a ƙarshe, ba tare da kun sa kowa ya haddace komai ba.

Akwai wani mataki da ya bukaci ƙarfin hali, kuma a kansa godiyarmu ta fi yawa. Kun daina ɗaura kyauta a kan allon nan da ke ƙirga kwanakin da aka yi ba a ji rauni ba. A ido tsari ne mai kyau, amma kowa ya san abin da yake haifarwa. Idan kyautar mutum talatin za ta zube saboda yatsan mutum ɗaya, to mai yatsan zai naɗe shi da tsumma ya yi shiru, abokansa ma su taya shi rufawa. Lambar allo tana hawa, injin da ya yanke shi yana nan yana jiran na gaba. Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata, ta yi gargaɗi a kan irin wannan tsarin kyauta a 2012, saboda yana hana ma'aikata faɗin raunin da suka ji. Ku sai kuka juya abin: ana yaba wa wanda ya kawo rahoto. Katin "saura ƙiris", na rahoton hatsarin da ya kusa faruwa, yana rataye a kowane ɓangare, layi uku ne kawai, me ya faru, a ina, me kake ganin za a yi, kuma sa suna ba dole ba ne. Wanda rubutu yake ba shi wahala ya faɗa da baki a rubuta masa. Kyautar ƙarama ce, kuma daidai ne ta zama ƙarama, domin babbar kyauta tana sa a fara ƙirƙiro rahoto. Abin da ya fi kyautar tasiri shi ne allon da ke bakin ƙofa mai gida uku: an kawo, ana kan gyara, an gyara, da sunan ɓangaren da gyaran yake wuyansa da ranar da ya yi alkawari. Mutum in ya ga katinsa ya matsa daga gida na farko zuwa na uku, gobe zai kawo wani. In kati ya yi wata biyu a wuri ɗaya, babu wasan da zai sa ya sake ɗaukar biro, kuma kun fahimci hakan, shi ya sa ko gyaran da ba zai yiwu da wuri ba kuke rubuta dalili.

Jagorancin taron ma kun sake shi ya zagaya. Yau mai walda ne, gobe direba, jibi mai shara, ku kuna gefe kuna cike giɓi. Tsohon hannu idan ya nuna wa matasa yadda dutsen injin gurza ƙarfe mai tsaga yake tarwatsewa, ana saurarensa fiye da kowane baƙo. Ma'aunin ISO 45001 na ƙasa da ƙasa a kan lafiya da kariya a wurin aiki, da ya fito a 2018, ya wajabta tuntuɓar ma'aikata da shigar da su cikin harkar, amma wurare da yawa a takarda abin yake tsayawa.

Mun kuma lura da iyakar da kuka sa wa raha, kuma muna goyon bayanta. Ba a yin ba'a da wanda ya taɓa jin rauni. Hotunan da ake nunawa na wurin aikinmu ne, amma ba fuska ba suna. Wanda ya yi kuskure a gwaji ba a mayar da shi abin dariya na mako, ana sake ba shi kayan ya gwada har ya iya. Hotunan jini da yankakkun gaɓoɓi kuma kun ajiye su, domin mutum kawar da kai yake yi, kuma ko ya tsorata bai koyi abin da zai yi da hannunsa ba.

Fastocin bango kuna sauya su duk wata kafin ido ya saba da su, kuna kuma liƙa kowacce a inda ake aikin da take magana a kai. Ranar 28 ga Afrilu, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take kiyayewa tun 2003 a matsayin ranar lafiya da kariya a wurin aiki, ita kuka ware don gasar ɓangarori, har manajoji suna shiga layi su ɗauki tukunyar gobara kamar kowa.

Muna da roƙo biyu. Na farko, a shigar da ma'aikatan 'yan kwangila da direbobin da ke kawo kaya daga waje cikin taron safe, domin su ne ba su san lungunan wurin ba, kuma tsakanin motoci da injuna iri ɗaya suke yawo da mu. Na biyu ga hukumar gudanarwa yake: mintuna goman nan su ci gaba da zama cikin lokacin aiki da ake biya, kada a fara yanke su idan oda ta yi yawa, domin a irin wannan lokacin ne ake gaggawa, ake cire murfin inji, ake ɗauko sababbin hannu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira, ya tsare mu baki ɗaya.

Naku,
Wakilan ma'aikatan ɓangaren injuna, walda da rumbun ajiya