Fentin madubin gefen mota: gargaɗi ga sabon hannu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja kunnen masu sayen sabon madubin gefe su fesa masa fenti da kansu. Murfinsa roba ne, don haka a goge shi da sanfefa mai lamba 600, a wanke maiƙo, a fesa firamar roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama roba. In an tsallake ta, fentin ɓarewa zai yi.

A rufe gilashin da jarida. A girgiza gwangwanin fentin minti 2, a riƙe shi nesa da santimita 20, a yi shafi uku marasa kauri, minti 10 tsakani. Mai zumuɗi da ya cika shi lokaci ɗaya, fentin zai zubo kamar hawaye. Kuma a guji ƙurar hunturu, mannewa take.

Mai fentin mota, Kano